Yadda Ake Haɗa Shimfiɗar Takalmi Mai Maganaɗisu Wadda Za Ta Jure Zafin Kebbi Da Danshin Alwala

Shimfiɗar takalmi mai maganaɗisu ta cika gari. Ana tallarta a WhatsApp, ana yawo da ita a tashoshin mota, har ka gan ta rataye a shaguna a Birnin Kebbi da Jega. Yawancinta roba ce mai santsi da aka yi wa ƙuraje a sama, aka dasa mata 'yan ƙarafa masu ƙyalli tsirara suna gogar fata. A ƙasar sanyi, inda mutum zai sa safa ya wuni a ofis, wataƙila ta daɗe. A nan kuwa zafin bazara yana haura digiri 40, ƙafa tana shiga takalmi da danshin alwala sau biyar a yini, takalmin kuma ya sha rana a ƙofar masallaci. Kafin a je ko'ina ƙarafan sun yi tsatsa, gam ya saki, ɗaya ya ɓalle ya koma ƙarƙashin yatsa. Baduku ko shumeka da ya san hannunsa zai iya yin wadda ta fi wannan ƙarko nesa ba kusa ba, kuma rabin kayan na gida ne.

Kafin ka ɗauki wuƙa, ka san abin da kake sayarwa

An gwada wannan abu a asibiti. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2003, likitocin asibitin Mayo da ke Amurka sun raba wa mutum 101 masu ciwon dunduniya shimfiɗa iri biyu masu kama da juna, ɗaya da maganaɗisu na gaske, ɗaya da na bogi, ba wanda ya san wacce aka ba shi. Bayan mako 8 duka ɓangarorin sun sami sauƙi, amma masu na gasken ba su fi ba. A shekarar dai wani bincike a kan masu ciwon suga 375 ya ce an ga ɗan ragin zafi da dindiris a wata na uku da na huɗu. Da masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi suka auna su tare a 2007, hukuncinsu shi ne babu hujjar da za ta sa a ba da shawarar maganaɗisu a matsayin maganin ciwo. Zancen cewa yana jan ƙarfen da ke cikin jini ma ba ya tsayuwa, domin sinadarin ƙarfen jini ba irin wanda maganaɗisu ke kamawa ba ne. Da haka ne, da na'urar hoton MRI, wadda maganaɗisunta ke da ƙarfin gaus 15,000 ko fiye (gaus ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), ba ta bar kowa da rai ba.

Abin lura a gwajin farko shi ne sauƙin da kowa ya samu. Ƙafa tana da ƙashi 26, kuma akwai wata jijiya mai faɗi da ta taso daga dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu. Ita ce ke yi wa mutum suka idan ya taka ƙasa da asuba. Abin da take so shi ne taushi a dunduniya da abin tallafe kwarmin tafin ƙafa. Saboda haka a ganina aikin shi ne ka yi shimfiɗar da ko an cire maganaɗisun tana da amfani, sannan ka binne maganaɗisun yadda ba zai cuci kowa ba. Mutane na nemansa, ba laifi ka sa musu. Amma idan dattijo ya ce maka, "Ɗana, wanga abu da gaske shina maganin sanyin ƙahwa?" ka ce, "Baba, taushin da gyaran takun su ne na tabbatar. Ƙarfen kam likitoci ba su tabbatar ba." Ban da batun amana, duk abin da aka tallata da sunan magani ko na'urar lafiya ya shiga hurumin hukumar NAFDAC.

Akwai waɗanda ba za ka yi wa ba ko sun nace. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji, ko mai gyambo, ko wanda ƙafarsa ke kumbura ba dalili, asibiti za ka tura shi. A Birnin Kebbi ga asibitin Sir Yahaya ga asibitin koyarwa na tarayya. Irin wannan ƙafar abu zai huda ta mai ita bai sani ba. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya an umarce shi ya nisanta maganaɗisu daga ƙirjinsa da aƙalla santimita 15, kuma ba ka da tabbacin ba zai cire shimfiɗar ya sa a aljihun gaba ba. Sai masu walda da maƙera da kanikawa: garin ƙarfe da guntayen waya za su riƙa bin su har cikin takalmi. Waɗannan ka yi musu marar maganaɗisu. Yara ƙanana kuwa babu ma zancen.

Kayan aiki

Fatar sama. Nemi fatar akuya jimar gargajiya, wadda aka jeme da bagaruwa, mai kauri kamar milimita 1. Jar akuyar Sakkwato ba a banza fatarta ta yi suna har Turai ba: tana da laushi, ba ta saurin yagewa, tana shan zufa ta sake shi. Ka ɗauki wadda ba a rina ba. Jan karan dafi yana da kyau a ido, amma zufa na sauke shi a safa da tafin ƙafa. Fatar roba ta kanti ba ta numfashi, ka bar ta.

Soson jiki. Shi ne abin da masu haɗa takalma ke kira mako, sunansa na kamfani EVA. Kana buƙatar iri biyu: mai tauri na milimita 3, wanda idan ka danna da babban yatsa da ƙyar zai lotsa, da mai laushi na milimita 2. Yadda ake gane nagari shi ne ka matse gefensa da ƙarfi ka saki. Idan ya dawo nan take, saya. Idan shatin yatsanka ya zauna, cikin mako kaɗan zai kwanta. Soson katifa ba ya wannan aikin ko kaɗan. Kwalin nan mai tauri da ake sa wa ƙasan takalma ma a guje shi, ruwa yake sha ya ruɓe. Idan ba ka samu mako mai kyau a kusa ba, masu zuwa Kano suna samowa a Ƙofar Wambai.

Sai gam irin na shumeka, wato Evo-Stik da 'yan'uwansa, gam mai haɗi biyu irin Araldite, zaren nailan da kakin zuma, basilla, ƙarfen huda mai faɗin bakin da ya yi daidai da maganaɗisun, wuƙa mai kaifi, samfefa, guduma, kwali, da ƙyalle mai ƙarfi irin na tsohon wandon jins.

Maganaɗisun kansa iri uku ne a kasuwa, kuma a nan ne mutane ke yin zaɓen tumun dare. Akwai baƙi mai kama da dutse, irin na bayan lasifika. Ba ya tsatsa, yana jure zafi sosai, amma ƙarfinsa kaɗan ne sai ya yi kauri, kuma yana fashewa. Akwai na roba mai lanƙwasa, irin wanda ake mannawa a jikin firji. Almakashi na yanka shi, ba ya karyewa, ba ya tokarar ƙafa, sai dai ƙarfinsa ba ya nisa. Ɗora 'yan takardu tsakaninsa da firjin ka ga yadda zai zame. Na uku shi ne mai ƙyalli kamar azurfa, neodimiyam, wanda kamfanin Sumitomo na Japan da General Motors na Amurka suka fito da shi a farkon shekarun 1980. Shi ne mafi ƙarfi, shi mai saye ke so ya gani yana cafke makulli. Aibinsa uku ne: mafi yawan jikinsa ƙarfe ne, saboda haka da zarar rufin nikel ɗin da ke kansa ya karce sai tsatsa, yana da gautsi, kuma na gama-gari yana fara rasa ƙarfinsa idan zafi ya kai wajen digiri 80.

Idan ƙarko kawai ake nema, na roba ya fi sauƙin sha'ani. Amma tunda na ukun ake tambaya, a kansa zan yi bayani. Ka nemi mai siffar kwabo, faɗin milimita 8 zuwa 10, kauri milimita 2. Wanda bai kai haka kauri ba yana tsagewa a ƙarƙashin nauyin mutum. In ka sami wanda aka riga aka rufe da baƙin gam tun daga kamfani, ya rage maka aiki. Kada ka ce za ka fasa babba ka fitar da ƙanana, ko ka huda shi, ko ka goga shi a injin wasa wuƙa. Garinsa yana kama wuta.

Mataki na farko: awo

A auna ƙafa da yamma, lokacin da ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, mutum yana tsaye nauyinsa a kan ƙafa biyu. Ya taka kwali, ka zagaye da biro a tsaye cak, kada ka karkata shi ciki. Kowace ƙafa da nata kwalin, don da wuya ka sami mutumin da ƙafafunsa suka zo daidai. Idan mace ce, ba sai ka taɓa ƙafarta ba. Ka ce, "Hajiya, a ba yarinya ta zana," ka nuna mata yadda za ta riƙe biron.

Daga nan ya jiƙa tafin ƙafarsa ya taka wani busasshen kwalin. Sawun da ya bari zai gaya maka abubuwa da yawa. Idan sawun ya fito cikakke babu rami a gefen ciki, ƙafar shimfiɗaɗɗiya ce, tallafinta kaɗan ne kuma mai faɗi. Idan dunduniya da gaban ƙafa ne suka fito sosai, tsakiyar siririya, kwarmin yana da zurfi, nauyin duk yana kan wurare biyu, mai ita yana buƙatar taushi fiye da kowa. Zagaye sawun da biro kafin ya bushe. Sannan ka dubi ƙafar da idonka: duk inda kanta ta fito, nan ne take shan nauyi. Ɗiga janbaki ko shuɗin bula a kan kowace kanta da kan wurin da ya ce yana masa ciwo, ya sake taka kwalin farko. Waɗannan ɗigogin su ne wuraren da maganaɗisu ba zai kusanta ba.

Ka sa ya zo da takalmin da zai riƙa sawa. Wannan aiki na takalmi sau-ciki ne da kambas da but, ba na silifa ko fade ba. Zare tsohuwar shimfiɗar da ke ciki ka ɗora a kan zanenka. Siffar waje daga gare ta za ka ɗauka, wuraren nauyi kuma daga ƙafa. Idan takalmin ya riga ya matse shi, ka gaya masa gaskiya, duk abin da aka ƙara a ciki ƙara matsi zai yi. Ya kamata a sami sarari kamar santimita 1 a gaban yatsan da ya fi tsawo.

Mataki na biyu: yanka da fitar da siffa

Shimfiɗar hawa huɗu ce. Daga ƙasa: ƙyalle mai ƙarfi, mako mai tauri, mako mai laushi, fata. Idan ka kai duka huɗun har bakin yatsu, kaurin zai kai milimita 6 ko 7, yatsu su rasa wurin motsi. Don haka mako mai tauri ba ya kaiwa gaba. Yanke shi daga dunduniya ya tsaya kamar santimita 1 kafin tudun da ke gindin yatsu, sannan ka feƙe bakinsa da wuƙa ka bi da samfefa har ya sirance ya ɓace. Shafa da yatsa. In ka ji gaɓa, ƙafa ma za ta ji, ci gaba da gugar. Mako mai laushi da fata su ne ke tafiya tsawon takalmin duka, kaurinsu a gaba milimita 3 ke nan. Fatar ka yanke ta da rarar milimita 5 a kewaye, daga baya za a datse.

Tallafin kwarmi shi ne inda gwaninta take. Yanko guntun mako mai tauri mai siffar rabin wata, tsawonsa daga gaban dunduniya zuwa bayan tudun babban yatsa. Ka bar kaurinsa a gefen ciki, ka feƙe sauran gefunan su kwanta. Manna shi a ƙarƙashin hawa mai tauri, ba a samansa ba, don saman ya zauna sumul. Ga mai zurfin kwarmi ana iya ninka biyu. Amma ka fara da kaɗan. Tallafin da ya yi tudu da yawa ya fi rashinsa azaba, kuma ƙari ya fi ragi sauƙi. A dunduniya, manna siririn mako mai siffar kofaton doki a kewayen gefe, ka feƙe cikinsa, dunduniyar ta sami gurbin zama. Wannan yana tattara kitsen dunduniya a ƙarƙashin ƙashi maimakon ya baje gefe, kuma masu faso suna jin daɗinsa.

Mako yana lanƙwasuwa idan ya ji zafi, wasu sukan gasa shi su danna a kan katakon takalmi ya ɗauki siffa. In za ka yi haka, yanzu ne lokacinsa. Zafin da ke tausasa mako ya wuce wanda neodimiyam ke jurewa, saboda haka duk wani aikin wuta a gama shi tun maganaɗisu yana cikin gwangwaninsa. Kafin ka wuce, jera hawan a takalmi ba gam, mai shi ya taka ya zagaya. Gyaran da za a yi a yi shi a nan.

Mataki na uku: rufe maganaɗisu

Wannan matakin ne ke raba aikin wata biyu da na shekara. Zufa ruwan gishiri ce, gishiri kuma abokin tsatsa ne. Ga nikel ɗin da ke jikin maganaɗisun, wanda ke sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje, irin wanda mata ke samu daga ɗan kunne mai araha. Dalili biyu ke nan na hana shi haɗuwa da danshi da fata.

Raba su ta hanyar zame ɗaya daga kan ɗaya zuwa gefe, kada ka bari su riƙa karo da juna, nan ne rufinsu ke tsagewa. Tun suna jere a sanda guda, ɗiga tawada a fuskar sama ta kowanne yayin da kake zarewa, don ka san fuska ɗaya. Goge su da ɗan sifirit. Shimfiɗa leda a kan faifan ƙarfe, ko murfin babban gwangwani, ka jera su da tazara. Ƙarfen zai riƙe su kada su yi tsalle su haɗu. Kwaɓa gam mai haɗi biyu, shafa siriri da tsinke a sama da gefe, bar shi ya bushe sarai, juya, shafa ɗaya fuskar. Gefen ya fi muhimmanci, don daga nan tsatsa ke farawa. Wanda ka ga ya riga ya karce ko ya ɓantare, ware shi.

Guda nawa, kuma a ina? Uku a kowace ƙafa sun isa. Biyu a yankin kwarmi, inda sawun ruwa ya nuna ƙafa ba ta danna ƙasa sosai, ɗaya kuma a tsakiyar ƙafa, bayan tudun yatsu da kamar santimita 2. Kada ka sa a tsakiyar dunduniya, kada ka sa a ƙarƙashin tudun yatsu, kada ka sa a layin da takalmi ke lanƙwasawa. Na san a nan ne na kanti ke sa nasu, kuma mai saye zai nuna maka daidai inda ke masa ciwo ya ce a dasa a nan. Ka lallashe shi. Abu mai tauri a wurin da ya fi shan nauyi tsakuwa ce a takalmi, ko da zinariya aka yi shi. Tsakanin kowane biyu a sami aƙalla santimita 3, kuma duk fuskar da ka ɗiga wa tawada ta kalli sama. Ba don wata fuska ta fi wata magani ba, masu cewa haka ba su da hujja. Dalilin na aiki ne: idan suna kwance gefe da gefe fuska ɗaya a sama, ture juna suke yi, ba za su riƙa jan juna suna cin soson da ke tsakaninsu ba.

Huda gurbi a hawa mai tauri da ƙarfen huda. Gurbin ya kama maganaɗisun tsam, kada ya yi masa yawa. Tunda makon milimita 3 ne, maganaɗisun da rufinsa bai kai haka ba, zai zauna ƙasa da bakin ramin kaɗan, abin da ake so ke nan, domin soso yana kwanciya da amfani, ƙarfe kuwa ba ya kwanciya. Manna ƙyallen jins a ƙasan hawan gaba ɗaya. Ɗiga gam a gurbin, zaunar da maganaɗisun, cike ɗan sararin da ya rage a sama da siririn ɓawon mako mai laushi. Sannan yanko ƙyalle mai faɗin santimita 3 ka manna a kai ya rufe. Ɗinke kewayen kowane gurbi da zaren nailan mai kaki, ɗinkin ya ratsa ƙyallen sama da mako da ƙyallen ƙasa, tazarar milimita 4 daga bakin rami. Basillar za ta riƙa fizgewa tana manne wa maganaɗisun, sai haƙuri. Yanzu ko gam ya saki gaba ɗaya, yana cikin aljihu a ɗinke.

Wani zai ce ai binnewar ta rage ƙarfin da ke isa fata. Haka ne, ƙarfin maganaɗisu yana faɗuwa da sauri da ɗan nisa kaɗan. Amma neodimiyam na wannan girman zai kama allura ta saman milimita 3 na soso da fata, kuma tsakanin amfanin da ba a tabbatar ba da bororon da aka tabbatar, na san wanda zan zaɓa.

Mataki na huɗu: gam da ɗinki

Yawancin saki ba laifin gam ba ne, gaggawa ce. Karce duk fuskar mako da samfefa har ƙyallinta ya tafi, kaɗe ƙurar. Shafa gam siriri a fuska biyun da za su haɗu, ka bar su minti 10 zuwa 15 har in ka taɓa ba ya biyo yatsa. Fata tana shanye shafin farko, ita sau biyu ake mata. Haɗa daga dunduniya zuwa gaba kana korar iska, kuma ka ɗan lanƙwasa shimfiɗar yadda za ta zauna a takalmi yayin da kake manna fatar, in ba haka ba za ta yi tattara a kwarmi. Bubbuga da guduma ko'ina ban da kan maganaɗisu. Nan da tafin hannu za ka danna. A ɗora mata nauyi ta kwana ta wuni kafin a taɓa. Sufa gulu ba ya cikin wannan aikin, yana sandarar da fata ya karye. Sholishon masu faci ma ba ya riƙe mako. A yi aikin gam a rumfa mai iska, nesa da murhu da sigari, kuma a lokacin hunturu a rufe abin da aka shafa kada ƙura ta hau.

Datse rarar fata, goge gefen da samfefa, ka ɗan karkatar da gugar zuwa ƙasa don shimfiɗar ta kwanta a kusurwar takalmi. Ɗinke kewaye, milimita 4 daga baki, bayan ka ja siririn layi da bakin wuƙa don zaren ya nutse. Ƙulli ya koma ƙasa. Shafa gam siriri a gefen da aka yanke ya toshe ƙofar ruwa. In kana son ramukan iska, yi su a gaba wajen yatsu, nesa da aljihun maganaɗisu.

Gwaji kafin a miƙa wa mai shi

Daga kowane sabon kaya da ka sayo, yi guda ɗaya ta gwaji ka wahalar da ita. Jiƙa ta a ruwan gishiri ta kwana, shanya ta a kan kwano da tsakar rana, lanƙwasa gabanta ka miƙe har hannunka ya gaji, ka maimaita kwana da kwanaki. Sannan farke ta ka duba. Idan gefe ya buɗe, gam ne ko gaggawa. Idan maganaɗisu ya yi ja, rufin ne.

Fatar bagaruwa tana da wata fa'ida a nan. Duk baduku ya san idan ruwan ƙarfe ya taɓa ta baƙi take yi, da haka ake samun kuloko, wato baƙin rinin fata. To idan wata rana baƙin tabo ya fito a saman fatar daidai kan maganaɗisu, tsatsa ce ta fara a ciki, tun kafin ta kumbura ta fasa. Ka nuna wa mai saye wannan alamar, ka ce ya dawo da ita da ya gani.

Ta wanda za ka ba kuwa, runtse ido ka bi samanta da babban yatsa kana dannawa da ƙarfi. In ka iya gane inda maganaɗisu yake da taɓi kawai, bai nutse ba. Ɗora allura ka tabbatar kowanne yana kamawa.

Ranar farko awa 1 zuwa 2 kawai zai sa, kullum ya ƙara awa guda. Duk sanda ya cire ya duba tafin ƙafarsa. Jan da bai washe ba bayan rabin awa yana nufin wurin na shan matsi, a dawo a goge. Idan an yi mako 6 zuwa 8 ciwon dunduniya bai ragu ba, ko yana ƙaruwa, maganar ta wuce shimfiɗa, ya ga likita.

Kulawarta ba wuya. Ya tsane ƙafa bayan alwala kafin ya zura, ko da ɗan hankici ne. Da dare ya zare ta ta sha iska a inuwa. Kada a shanya a rana, kada a kanga a wuta, kada a bar ta a gaban gilashin mota a rufe. A masallacin Juma'a ya kifa takalmin ko ya nemi inuwa. Mai hali ya yi biyu yana musanyawa, musamman da damina, da masu aikin shinkafa a fadamar Argungu da Suru waɗanda ƙafarsu ba ta rabuwa da laima. Duk safiya ya juya ta ya share abin da ta kwaso, don za ka sha mamakin baƙin yashi da guntun reza da ƙusar da ke manne mata. Kada a ajiye ta tare da katin ATM ko agogo mai hannu, kuma a cire ta kafin shiga ɗakin hoton MRI.

Mako mai laushi shi ke fara mutuwa, ga mai yawan tafiya cikin wata 6 zuwa shekara. Tunda aljihunan suna hawan ƙasa, sai a warware ɗinkin gefe, a ɓare fata da soso mai laushi, a sa sababbi, ƙasan yana nan. Idan kuma ta gama yayi gaba ɗaya, kada a jefa ta a bola yadda take. Farke aljihunan ka ciro maganaɗisun ka ƙirga su cif, ka kulle a gwangwani mai murfi inda hannun yara ba ya kaiwa, haka ma waɗanda ke rumfarka. Yaron da ya haɗiye biyu, suna iya kama juna ta jikin hanji su huda shi, kuma da farko ba lallai a ga wata alama ba. In hakan ta faru, ko ana zato kawai, a wuce asibiti nan take, a gaya wa likita maganaɗisu ne, kada a tsaya jiran ya fita da kansa.